Waya ruwan ƙasa ta kusa ƙone min Land Rover: wai launin waya ba ɗaya ba ne a duk mota?

Magajin Landiroba:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman waɗanda suka san wayarin tsofaffin motoci, don tun jiya raina a ɓace yake.

Marigayi mahaifinmu ya bar mana Land Rover Series III ƙirar 1978. Tana ajiye a gida a Kurna fiye da shekara goma ba a tashe ta ba. Bana na yi niyya. Bakanike ya wanke kabureta, ya sa sabbin filogi, inji yana juyawa lafiya. Matsalar, ɓeraye sun yi gida a bayan dashbod sun ci wayoyi. Sai na ɗauko yaron rewaya da ke yi min aikin Golf ɗina, yaron kirki, ban taɓa kuka da hannunsa ba. Yana buɗewa ya ga wata waya mai kauri, ruwan ƙasa, tana reto, kanta a gutsure. Bai yi wata-wata ba ya fere ta, ya sa mata kai, ya ɗaure ta da noti a jikin ƙarfe. Na ce masa ka tabbata? Ya ce, "Yallaɓai, ruwan ƙasa ai ƙasa ce, wadda ake ɗaurewa a jikin mota."

Muna ɗora kan batir sai tartsatsi, sai farin hayaƙi ya turnuƙe daga ƙarƙashin sitiyari, robar waya tana ɗiga a kan taburmar ƙafa kamar kyandir. Allah ya taimaka ɗorawa kawai muka yi, ba a ɗaure ba, na fizge. Har yanzu warin bai bar motar ba.

Tambayata biyu ce. Yaron ne ya yi kuskure, ko dama can wani ya taɓa canza wayoyin? Sannan me ya hana fiyus ƙonewa? Na duba su, huɗu ne, duk lafiyarsu ƙalau.

Ɗan Golf:
Wa alaikumus salam. Yaya, ni dai ba na ganin laifin yaron. Shekarata tara ina wayarin, Golf, Passat, Marsandi, Opel, ban taɓa ganin ruwan ƙasa mai wuta ba. Wani ne ya yi mata kwaɗo tun da.

Baba Rewaya:
Ba wanda ya yi mata kwaɗo. Haka aka haife ta. A motar Ingila ruwan ƙasa ita ce uwar wuta, kai-tsaye daga batir, ba makulli, ba fiyus. Yaronka ya ɗauki kan batir ya haɗa da gindinsa ne kawai. Ka yi sadaka, ɗana, da an ɗaure kan batirin nan da yanzu zancen motar kashe gobara ake.

Ɗan Golf:
Baba, da girmanka, amma ƙa'idar waya ai ta duniya ce.

Baba Rewaya:
Wace duniyar? Motoci huɗun da ka lissafa duk 'yan gida ɗaya ne, Jamus. Ka zauna unguwa ɗaya shekara tara ka ce ka zaga gari. Ni na shiga gareji shekarar da aka canza hannun tuƙi, 1972. A lokacin, safiya ɗaya sai ka taɓa Morris, ka taɓa Peugeot 404, ka taɓa Datsun, ka rufe da Volkswagen. Maigidanmu, Allah ya jiƙansa, kafin ka ɗauki filaya sai ya tambaye ka: 'yar wace ƙasa ce? In ka kasa amsawa, ranar wankin noti za ka yi.

Malamin Fasaha:
Allah ya ƙara girma, Baba. Bari in ɗan faɗaɗa, don wannan tarko ne da ke kama mutane da yawa, kuma abin haushin, tarkon ta fuska biyu yake kamawa.

Motocin Ingila na wancan zamani, Land Rover, Austin, Morris, MG, Triumph, kusan duk kayan wutarsu na kamfanin Lucas ne na Birmingham, kuma launin wayoyinsu yana bin ƙa'idar da ake kira BS AU 7. A nan ruwan ƙasa wuta ce kullum, ba fiyus. In ta ratsa fiyus ta fito, sai ta koma shunayya, wato wuta kullum amma mai kariya, irin ta hon da fitilar ciki. Fara ita ce wutar da ke zuwa in an murɗa makulli, ita ma ba fiyus. In farar ta ratsa fiyus sai ta fito koriya, ita ke ciyar da sigina, fitilar birki, waifa, da geji. Shuɗiya ta manyan fitilu ce, ja ta ƙananan fitilu ce na gefe da na baya. Ƙasa kuwa baƙa ce.

Yanzu ku ɗora wannan a kan na Jamus. Can ruwan ƙasa ce ƙasa, ja ce wutar batir, baƙa kuma ita ce wutar bayan makulli. Kun ga ke nan wanda ya taso a kan Golf zai ɗaure ruwan ƙasar Land Rover a jiki ya ga hayaƙi, wanda kuma ya taso a kan Land Rover zai ɗaure baƙar wayar Bitil a jiki, shi ma ya ga nasa hayaƙin da zarar an murɗa makulli. Ba wanda ya fi wani wayo. Ja ma haka: yaron Golf zai ga ja a Land Rover ya ɗauka batir ce ya jona rediyo, sai rediyon ya ƙi magana sai an kunna fitila.

Batun fiyus kuwa, Magaji, amsar tana cikin abin da na faɗa. Wayar da aka ɗaure tana gaban akwatin fiyus ne, ba bayansa ba. Wutar ba ta ma bi ta kansu ba, wayar ce da kanta ta zama fiyus.

Magajin Landiroba:
Innalillahi. Wato da baƙa ya nema. To ai akwai baƙaƙe biyu a wurin, su ma a gutsure, ya ce min waɗannan na makulli ne, zai haɗa su da suwic daga baya!

Baba Rewaya:
Ka ga da hayaƙi biyu za ka sha. Allah ya taƙaita.

Ɗan Golf:
To na karɓa. Amma fisabilillahi ku faɗi gaskiya, tsarin Jamus ya fi hankali. Ko a Hausance ma ya zauna: ruwan ƙasa, ƙasa. Ja, haɗari. Yaro ko bai je makaranta ba zai riƙe. Su kuma waɗancan ba a banza ake ce wa Lucas ɗin nasu Sarkin Duhu ba.

Baba Rewaya:
Wannan tsokanar Turawa ce tsakaninsu. Ni abin da na gani da idona, yawancin duhun daga tsatsa ne a mahaɗar waya, da hannun mutane irinmu. Tsarin launinsu ba shi da laifi. Ka san launi bakwai, ka karanta motar gaba ɗaya ba takarda. Layin da ke jikin waya kuma yana faɗa maka inda ta nufa. Koriya mai jan layi siginar hagu, koriya mai farin layi siginar dama, koriya mai layin shunayya birki. Shuɗiya mai farin layi babbar fitila, mai jan layi dim. Fara mai jan layi ta sitata. Sittin na wuce, ban manta ko ɗaya ba.

Malamin Fasaha:
Ni a ganina inda Jamusawa suka yi fice ba launi ba ne, lamba ce. Suna da ƙa'ida, DIN 72552, wadda ta ba kowace ƙafa ta kayan wuta lambarta. Waya takan koɗe, ana iya canza ta, amma lambar a jikin kayan take, an buga ta a roba ko a ƙarfe. Ku ɗauki suwic ɗin makulli na Bitil ko na Mercedes W123 ku juya bayansa, za ku ga 30, 15, 50. To 30 wutar batir ce kai-tsaye, 15 wutar da makulli ya sake, 50 ita ke kiran sitata. Ƙasa 31 ce. Wanda ya riƙe waɗannan huɗun ya riƙe rabin motar.

Sauran suna bin aiki ne. 56 manyan fitilu, ta rabu biyu, 56a babbar fitila, 56b dim. 58 ƙananan fitilu. 54 birki. 53 waifa. 49 wutar da ke shiga filasha, 49a wadda ke fitowa tana ƙyaftawa. 61 fitilar caji. A kwil kuma 15 ce ke shiga, 1 ke tafiya distiribita wurin kwantak, 4 ita ce babbar wayar tsakiya mai kai wuta filogi.

Tsohon Direban 504:
Malam, a nan zan tsaya maka. Shekara goma sha bakwai na yi ina jan 504 Kano zuwa Jos, kuma wayoyinta duk lamba ne a jikinsu, kusa da kai. Amma ba lambobinka ba ne. Wani yaro ya taɓa ganin lamba a jikin wata waya a motata, ya ce wannan ai ya santa a Marsandi, ya jona. Muka kwana a Saminaka.

Malamin Fasaha:
Gaskiyarka, Alhaji, kuma na gode da ka kawo wannan. Abu biyu ne daban. Lambar Jamus sunan ƙafa ce, ko'ina ka ga 30 ma'anarta ɗaya. Lambar Peugeot sunan wayar ce a cikin zanen wannan motar. Amfaninta shi ne ka ga lamba a wannan kai, ka je can bayan mota ka ga irinta, ka san waya ɗaya ce. Ba tare da zanen motar ba, lambar ba ta faɗa maka aikinta. Launi kuma a Peugeot ba abin dogaro ba ne sosai, lambar ce magana.

Tsohon Direban 504:
Yawwa. Kuma kwil ɗinta na asali, Ducellier, ba 15 da 1 a jiki. BAT da RUP aka rubuta. BAT wuta, RUP kwantak. Motar da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, ta cika ƙasar nan, amma yanzu sai ka zaga gareji uku kafin ka sami yaron da ya san RUP.

Baba Rewaya:
Na Lucas na da kuma SW da CB. SW daga suwic, CB zuwa kwantak. Abu ɗaya, suna uku. In ka juya su mota za ta tashi, shi ya sa mutane ba sa kula, amma wutar filogi takan yi rauni, da sanyin safiya a hunturu sai ka ga tana wahalar tashi, a tafi ana zagin kabureta.

Magaji, tun da an zo nan, ka duba min abu ɗaya. Wane kan batir ne aka ɗaure da shasi? Taka ta 1978 negetif ce. Amma Land Rover na kafin 1967, da sauran tsofaffin 'yan Ingila, fozitif ake ɗaurewa a jiki. Na faɗa ne don masu karantawa, kada wani ya sami tsohuwa ya sa batir yadda ya saba.

Magajin Landiroba:
Negetif ce, Baba, na duba.

'Yar Mai Bitil:
Sallama gare ku. Ni ba ma'aikaciyar waya ba ce, karatu nake yi ina tuna mahaifina. Bitil gare shi, ruwan madara, irin wadda ake haɗawa a Legas a wancan lokacin. Abu biyu ya hana mu a motar nan. Na farko, ba a tsalle a kujerar baya, don batir a ƙarƙashinta yake. Wata rana mun taso daga biki a Gwale, goggonmu, mace mai jiki, Allah ya jiƙanta, ta zauna daidai wurin, ashe murfin kan batirin ya faɗi. Ƙarfen kujera ya sauka a kai. Kafin Kofar Famfo muka ji ƙauri, ita kuma tana cewa wai wa ya taho da garwashi. Na biyu, akwai wata 'yar jar fitila a cikin agogon gudu. Ya ce ko a tsakiyar kasuwar Kurmi ta kama, a tsaya. Ban taɓa sanin dalili ba, wai don caji kawai?

Malamin Fasaha:
Hajiya, Allah ya jiƙan mahaifi, ya san motarsa. Wannan ita ce 61 da na ambata, wayarta a Volkswagen shuɗiya ce siririya. Bitil ba ta da lagireto, iska ke sanyaya injinta, kuma fankar a kan sandar janareta take. Bel ɗaya ke juya su. In bel ya tsinke caji zai tsaya, fitilar ta kama, kuma a daidai lokacin fanka ta tsaya. A zafin Kano na watan Afrilu, 'yan mintuna kaɗan sun isa inji ya gasa kansa. Wato fitilar ba batir kawai take magana a kai ba.

Wannan fitila tana da wani sirri kuma a motocin da ke da altaneta. Ta cikin kwanta 'yar wutar da ke tada altaneta take bi, ta shiga ƙafar D+. In kwan ya mutu, altaneta lafiyayye sai ya ƙi caji, ko ya ƙi sai an taka mai sosai. Magaji, ka lura, a taka wayar ruwan ƙasa ce mai rawayan layi, kuma tana bayan dashbod ɗin da ya ƙone.

Alhajin Kofar Ruwa:
Wallahi Malam ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Sau nawa aka dawo min da altaneta wai ba ya caji, a zo ana ɗaga murya a bakin shago, mu je a gwada a kan benci ya kawo wuta. Ashe ɗan kwan dashbod ne. Yanzu kuma sabon salo, samari suna cire kwan asali su sa irin na zamani mai farin haske don ado. Shi ba ya jan wutar da za ta isa ta tada altaneta. Ka sayi ado ka sayar da caji.

Tun da ana maganar lamba, bari in sa nawa, don ni rile, ɗan suwic ɗin nan da wuta ke kunnawa, nake sayarwa kullum. Lambobin Jamus ɗin nan sun bi duniya a kan rile, ko daga ina aka ƙero shi za ka ga 30, 85, 86, 87. To 85 da 86 su ne ƙananan ƙafafu masu kunna shi, 30 wuta ke shiga, 87 ke fita in ya kama. Mai ƙafa biyar shi ne matsala. Wani ta tsakiyar 87a ce, ita tana da wuta ne lokacin da rile yake kashe, in ya kama ta ɗauke. Wani kuma 87 biyu ne, duk tare suke kawowa, irin wanda ake sa wa fitilu biyu. A ido ba bambanci, soket ɗaya suke shiga. Mutum ya zo ya ce a ba shi mai ƙafa biyar, in ce wanne, ya ce ai duk ɗaya ne. Ya tafi ya sa, fitila ɗaya ta ƙi mutuwa har batir ya kwanta. Akwai ma waɗanda aka musanya wa wurin 30 da 86. Shi ya sa nake cewa a zo min da tsohon, ko a karanta zanen da ke gefensa.

Ɗan Golf:
Wannan na 87a ya taɓa cina, ba zan ɓoye ba. Akwai kuma mai dayod a ciki, shi dole 86 ce wuta, 85 ƙasa. Ka juya, ya tafi.

Baba Rewaya:
Ka ga yanzu ka fara magana irin ta masu sana'a.

Na Datsun:
Ku dai kuna ta Turai. Mu 'yan Japan fa? A Datsun baƙa ce ƙasa, kamar Ingila. Amma ka shiga tsohuwar Toyota, ƙasarta fara ce mai baƙin layi. Ita wannan fara mai baƙin layin a Land Rover ɗin Magaji daga kwil take zuwa distiribita, ko ba haka ba Baba?

Baba Rewaya:
Haka ne. Ka ɗaure ta a jiki, mota ba za ta taɓa tashi ba, kwil kuma ya yi ta zafi.

Magajin Landiroba:
Jama'a na samo zanen wayarin a intanet, amma baƙi da fari ne, haruffa kawai a kan layukan. Na gane G da W da R. Amma mene ne N? Mene ne U? Ga NY, ga UW, ga GP.

Malamin Fasaha:
Da Turanci sunan baƙi, da ruwan ƙasa, da shuɗi duk da B suke farawa, sai suka raba. B baƙi, N ruwan ƙasa, U shuɗi. P shunayya, K ruwan hoda, S ruwan toka, LG kore mai haske. Harafin farko launin wayar, na biyu layin jikinta. NY ita ce ta fitilar cajin da na ce ka kula da ita, UW babbar fitila, GP birki. Masu zanen Jamus su kiyaye: can bl shuɗi ne, ba baƙi ba, baƙi sw ne, ws fari, ge rawaya, br ruwan ƙasa. A zanen Japan kuma shuɗi L ne.

Shugaban Zaure:
Masu turo tallan fili da na atamfa a tsakiyar wannan magana, na goge. A bari mutane su ƙaru.

Baba Rewaya:
Malam ya ba ku karatu, ni bari in ba ku aiki. Duk abin da aka faɗa a sama gaskiya ne ranar da mota ta fito daga kamfani. Motar da ta shekara arba'in a Kano, hannu nawa ya shiga cikinta? Na taɓa buɗe wata na tarar da wayar gida, ja, irin ta soket ɗin bango, an yi ƙasa da ita. Na ga wayar lasifika a fitilar birki. Sannan launi yana ƙarya in ya tsufa. Fara takan koma rawaya, shunayya da ruwan ƙasa in baƙin mai da ƙurar hunturu suka hau su, ko kai ne wa ba ka raba su. Sai ka jiƙa tsumma da kananzir ka goge, ko ka warware salatif ka bi ta ciki kamar taƙi ɗaya, inda rana ba ta taɓa gani ba, can launin gaskiya yake.

Ni launi shaida ɗaya ne a wurina. Tasta ce ta biyu. Kwan fitila ƙarami da waya biyu, ba sai mita mai tsada ba. Ka maƙala ɗaya a jiki, ka taɓa wayar. Ta kama ba makulli, ta batir ce. Sai an murɗa ta kama, ta makulli ce. Ba ta kama ba ko ɗaya, kada ka ce ƙasa ce tukuna, wataƙila mai kai wuta wani wuri ce. Sai ka mayar da maƙalin kan fozitif ka sake taɓawa. In ta kama da haske sosai, ƙasa ce. In ta kama dishi-dishi, ta bi ta cikin wani kwan ko wani moto ne kafin ta isa jiki.

Na uku, wannan ka riƙe shi, Magaji. Ranar da za ka mayar da batir bayan gyara, kada ka ɗora kai tsaye. Ka sami kwan babbar fitila, ka sa shi tsakanin kan batir da wayar da ka cire. Komai a kashe. In kwan bai kama ba, lafiya. In ya haska fau, akwai inda wuta ke zuba a jiki, amma kwan ya tare, ba abin da zai ƙone. Sai ka bi wayoyi kana cirewa ɗaya-ɗaya har ya mutu. Da yaronka ya san wannan, da haske zai gani, ba hayaƙi ba.

Alhajin Kofar Ruwa:
Kuma in za ka sayi fiyus ka yi hankali. Na gilashin nan na Lucas da aka rubuta 35, lambar inda yake ƙonewa ce, abin da yake ɗauka yau da kullum 17 ne. In ka sa na Japan ko na Amurka mai 35, ka ninka wutar da zai bari ta wuce, waya za ta riga shi narkewa. Ka nemi wanda bai wuce 20 ba. Na ga masu naɗa takardar sigari ma, waɗannan sai addu'a.

Ɗan Golf:
Yaya Magaji, don Allah kada ka kori yaron. Ni ma da ni ne, abin da zan yi ke nan.

Magajin Landiroba:
Ban kore shi ba. Tun ɗazu yana gefena muna karantawa tare, kunya ta hana shi magana. Ya ce a gaida Baba.

Baba Rewaya:
Ina amsawa. Ka ce masa ya warware damin wayoyin gaba ɗaya daga dashbod har solanoyid. Wayar da ta yi zafi irin haka ba ita kaɗai take ƙonewa ba, takan narke ta manne da maƙwabtanta a cikin salatif, daga waje ba ka gani. Kuma ya sa mai kaurin ta asali, kada ya sa siririya don launi ya dace. In bai sami ruwan ƙasa ba ya sa wadda ya samu, amma ya naɗa alama a kai biyun, saboda wanda zai buɗe bayanku.

Magajin Landiroba:
Jama'a, bayan kwana huɗu, ga labari. Baba ya yi gaskiya, mun tarar da waya uku sun manne, har da fara. Mun canza. Mun yi dabarar kwan, karon farko ya haska, ashe wata shunayya ce ɓera ya fere tana taɓa ƙarfe a bayan geji. Muka gyara, ya mutu. Ta tashi a bugu na uku! Mahaifiyarmu tana jin ƙarar ta fito tsakar gida, ba ta ce komai ba, ta daɗe a tsaye.

Saura abu ɗaya. In na sa siginar dama kuma na taka birki, sai fitilun baya duk su riƙa ƙyaftawa dishi-dishi, har da ƙaramar. Mun duba launi, kowace waya tana wurinta.

Ɗan Golf:
Ƙasa ce ba ta kama ba a fitilar baya. Wutar ta rasa hanyar komawa, sai ta bi ta cikin sauran ƙwayayen. Baƙar waya za ku nema, ba ruwan ƙasa ba, kafin Baba ya faɗa.

Baba Rewaya:
Ya riga ni. Ƙari ɗaya: jikin Land Rover alminiyom ne, shasi ne ƙarfe. Inda sukurun fitila ya haɗu da alminiyom yakan yi farin gari kamar alli, wuta ba ta wucewa. Kada ku tsaya gogewa kawai. Ku ja sabuwar baƙar waya daga gindin fitilar har shasi, ku kankare wurin sai ya yi ƙyalli, ku ɗaure, ku shafa giris a kai. Ku yi wa ɓangaren hagu ma, yana hanya.

Magajin Landiroba:
To Baba. Yaron ya tafi neman sandifefa. Alhaji, gobe bayan Azahar zan shigo Kofar Ruwa da tsohon fiyus ɗin a aljihu, da filasha, ita ma ƙafafunta ba lamba ba ce a jiki, haruffa ne.

Alhajin Kofar Ruwa:
Ka zo da ita kada ka goge haruffan. In ka tarar na tafi masallaci ka jira ni, kada ka bari yaran shago su zaɓa maka.